Me Ya Sa Zinariya Take Zama Ja? Sharhi kan Sinadaran da ke Saman Ƙananan Ƙwayoyin Ƙarfe da Tasirinsu a kan Haske

Duk wanda aka taɓa tsira wa allura a ɗan yatsa a wani ƙaramin asibiti na Tudun Wada ko Sabon Gari domin gwajin zazzaɓin cizon sauro ya ga jan layin da ke bayyana a kan 'yar robar gwajin bayan minti 15 zuwa 20. A yawancin irin waɗannan kayan gwaji, layin nan ba jini ba ne, ba kuma rini ba ne. Zinariya ce da aka sarrafa ta zama ƙwayoyi masu faɗin kusan nanomita 40, aka lulluɓe kowace da furotin mai gane alamar ƙwayar cutar.

Kalmar nano ta yawaita a kan kwalayen sabulu da man shafawa da kuma cikin labarai, musamman tun da aka ba da kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2023 ga Moungi Bawendi da Louis Brus da Alexei Ekimov saboda aikinsu a kan ƙananan ƙwayoyi masu sauya launi gwargwadon girmansu. Daga nan bayani guda ya bazu, wato girman ƙwaya shi ne ke yanke launinta. Ga irin ƙwayoyin da aka ba da kyautar dominsu, waɗanda ba ƙarfe ba ne, bayanin ya yi kusa da gaskiya. Ga zinariya da azurfa kuwa rabin labarin ne, domin ana iya samun kwalabe biyu masu ƙwayoyi iri ɗaya, girma ɗaya, ɗaya ja ɗaya shuɗiya, kuma bambancin duka yana cikin siririn lulluɓin da ke jikin ƙwayoyin.

## Ma'anar abubuwan da ake magana a kai

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita 80,000 ko fiye. Ƙwayar da ake kira ta nano ita ce wadda faɗinta yake tsakanin nanomita 1 da 100. Hasken da ido ke gani yana tafiya ne a matsayin igiya, tsawon zangonsa daga kusan nanomita 400, inda shuɗi mai duhu yake, zuwa 700, inda ja yake. Ke nan ƙwayar ta fi zangon hasken da ke dukanta ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

A cikin zinariya da azurfa da jan ƙarfe akwai ilektron, wato 'yan ƙananan abubuwa masu ɗauke da cajin lantarki, da ba a ɗaure suke da atam guda ba, suna yawo a faɗin ƙarfen. Idan haske ya faɗa kan ƙaramar ƙwaya, yakan tura waɗannan ilektron gaba ɗaya zuwa gefe guda, sannan jan da atam ɗin ke yi musu ya dawo da su, su yi ta kai da komo kamar ruwa a cikin ƙwaryar da aka girgiza. Wannan rawa ta haɗin gwiwa ita masana ke kira filasmon. Tana da saurin da ta fi so, kuma hasken da ya dace da wannan sauri shi ƙwayar ke haɗiyewa. Ƙwayar zinariya mai siffar ƙwallo da faɗin nanomita 20 a cikin ruwa tana haɗiye haske a wajen nanomita 520, wato kore, sai ido ya ga abin da ya rage, ja. Ta azurfa tana haɗiya a wajen 400, don haka ruwanta yake fitowa rawaya.

Saura batun sama, wato fatar ƙwayar. A dunƙulen zinariya na awarwaro, atam ɗin da ke fuskar waje ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da na ciki. A ƙwaya mai nanomita 20 ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, amma a mai nanomita 2 sun haura rabi. Kuma wannan fata ba ta taɓa zama tsirara a cikin ruwa. Kullum akwai wasu molekul, wato tarin atam da suka haɗu wuri guda, manne da ita, waɗanda ake kira ligan, ko dai waɗanda mai haɗawa ya zuba da gangan ko waɗanda suka manne da kansu daga ruwan da ƙwayar ta tsinci kanta a ciki.

## Yadda aka gano

Masu sana'ar gilashi sun riga masana. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa daga ƙarni na 4, wanda ake kira kofin Lycurgus. Yana fitowa kore idan haske ya bugo shi daga gaba, ja idan hasken ya ratso ta bayansa, saboda ƙwayoyin zinariya da azurfa da ke cikin gilashin. A 1857 Michael Faraday ya gabatar da bincikensa a kan jan ruwan zinariya, ya kuma lura cewa ɗan gishiri yana mayar da shi shuɗi. A 1908 Gustav Mie na Jamus ya fitar da lissafin da ke hasashen launi daga girman ƙwaya da yanayin ƙarfen da yanayin abin da ke kewaye da ita. Lissafin yana aiki har yau, sai dai yana ɗaukar iyakar da ke tsakanin ƙarfe da ruwa a matsayin layi tsaftatacce da babu kowa a kansa.

Richard Zsigmondy, wanda ya samu kyautar Nobel ta 1925, ya mayar da abin da Faraday ya gani ya zama ma'auni. Ya auna miligiram nawa na wani abu ake buƙata domin hana jan ruwan zinariya mililita 10 komawa shuɗi idan aka zuba masa mililita 1 na ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Littattafan koyarwa suna ba jelatin adadin da bai wuce 0.01 ba, ƙaro kuma tsakanin 0.15 da 0.25, sitacin dankali kuwa wajen 25. Ƙaron da ake tsinta a dazukan Yobe da Borno da Jigawa ke nan yana cikin tsofaffin abubuwan da aka san suna kare ƙwayoyin zinariya.

Hanyar haɗawa da aka fi bi a yau ta John Turkevich ce, ta 1951. Ana tafasa ruwan gishirin zinariya mai launin rawaya fayau, a zuba sitret, gishirin tsamin da ke cikin lemo. Cikin daƙiƙoƙi rawayar takan ɓace, ruwan ya yi toka-toka, ya yi duhu kamar zai zama baƙi, sannan bayan 'yan mintoci ya washe ya zama ja mai kauri. Sitret ɗin ya yi aiki biyu: ya mayar da gishirin ƙarfe, ya kuma zauna a jikin ƙwayoyin yana ba su cajin lantarki.

## Hanyoyin da lulluɓi ke taɓa launi

Hanya mafi sauƙi ita ce ta lanƙwasa haske. Kowane abu yana da ma'aunin yadda yake rage wa haske gudu: iska 1.00, ruwa 1.33, furotin da yawancin ligan wajen 1.45 zuwa 1.5. Ƙarfin lantarkin da rawar ilektron ke haifarwa yana malalowa waje da ƙwayar zuwa tazarar nanomita kaɗan zuwa gomomi, don haka duk abin da ya zauna a wannan tazara yana shiga lissafi. Idan ma'auninsa ya fi na ruwa, yakan sassauta jan da ke dawo da ilektron, rawar ta ragu da sauri, kololuwar haɗiyar haske, wato zangon da ƙwayar ta fi haɗiya, ta gusa zuwa ɓangaren ja. Idan furotin ya lulluɓe ƙwallon zinariya, gusawar ba ta cika kai nanomita 10 ba. Ido ba zai gani ba, amma na'urar auna haɗiyar haske tana gani, kuma da wannan 'yar gusawa masu haɗa kayan gwaji ke tabbatar da cewa furotin ɗin ya kama. Ƙwayoyi masu siffar sanda sun fi na ƙwallo jin wannan sauyi ninki da yawa, shi ya sa masu ƙera na'urorin gano cuta suka fi son su.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi fitowa fili, kuma ita Faraday ya gani. A ɗabi'arsu ƙwayoyin ƙarfe suna jan juna, abin da ke raba su kawai shi ne lulluɓinsu. Sitret yana raba su da caji, tunda masu caji iri ɗaya ba sa haɗuwa. Gishiri yana dusashe wannan caji, sai ƙwayoyin su matso su dunƙule. Da zarar tazarar da ke tsakanin ƙwayoyi biyu ta gaza faɗin ƙwaya guda, rawar ilektron ɗinsu takan haɗe ta zama ɗaya, haɗiyar haske ta tashi daga 520 zuwa sama da 600, ruwan ya koma shuɗi ko ruwan hoda mai duhu. Babu ƙwayar da ta ƙara girma ko da atam ɗaya. Manyan molekul irin su ƙaro da jelatin ba su dogara da caji ba, jikinsu ne ke tokare tsakani, don haka gishiri ba ya kayar da su da wuri.

A 1996 Chad Mirkin da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern ta Amurka suka mayar da wannan rauni ya zama kayan aiki. Sun ɗaura gajerun zaren DNA a jikin ƙwayoyin zinariya, ta yadda ba za su dunƙule ba sai an kawo zaren da ya dace da su ya ƙulla su. Tun daga lokacin, dabarar zaɓen ligan da ke gane abu guda tak, ya kuma jawo dunƙulewa idan ya same shi, ta zama ginshiƙin gwaje-gwaje masu yawa na sauya launi.

Hanya ta uku ta fi zurfi. Sitret riƙon sakainar kashi yake yi wa zinariya, kowane molekul mai ƙarfi na iya ture shi. Amma molekul masu ɗauke da farar wuta a bakinsu, waɗanda ake kira tiyol, suna ƙulla haɗi na haƙiƙa da atam ɗin zinariya. Mathias Brust da David Schiffrin na Jami'ar Liverpool sun nuna a 1994 cewa da tiyol ana iya yin ƙwayoyi masu nanomita 1 zuwa 3 da za a busar su zama gari, a sake narkar da su ba tare da sun lalace ba. Irin wannan haɗi yana riƙe wasu ilektron na fatar ƙarfen, yana kuma buɗe wa rawar wata kafa ta zubar da ƙarfinta. Dama rawar gajeriya ce, ba ta wuce 'yan femtosakan, kuma femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Idan ta ƙara gajarta, kololuwar haɗiya takan yi faɗi ta yi ƙasa, launin ya dushe. Uwe Kreibig da ɗalibansa a Aachen ta Jamus sun auna wannan a 1993, inda suka ga faɗin kololuwar ƙananan ƙwayoyin azurfa ya ƙaru ƙwarai da aka binne su a cikin sinadarin gilashi, fiye da yadda lissafin Mie zai bayar.

Ƙasa da nanomita 2 kuwa, filasmon yakan ɓace gaba ɗaya. Curin atam 25 na zinariya da tiyol 18 yana haɗiye haske a wurare daban-daban tamkar molekul, yana ma iya fitar da nasa hasken, kuma ƙarfin wannan haske yana sauyawa idan aka canja irin tiyol ɗin. A 2007 ƙungiyar Roger Kornberg ta Jami'ar Stanford ta zana tsarin curi mai atam 102, aka ga cewa farar wuta tana cire wasu atam ɗin zinariya daga jikin curin ta saka su cikin lulluɓin. A wannan mataki ba a iya cewa ga inda ƙarfe ya ƙare, ga inda lulluɓi ya fara.

Azurfa tana da nata ƙarin matsalar da maƙeran fari suka daɗe da sani, wato tana baƙi idan ta sha iska mai farar wuta. A jikin zobe toka da tsumma sun isa su goge wannan. A jikin ƙwaya mai nanomita 20, ɓawon da ya kai nanomita 1 ko 2 ya isa ya gusar da kololuwar ya kuma dusashe ta.

## Inda masana suka saɓa

Tsohuwar muhawara ta taso ne daga 1974, lokacin da Martin Fleischmann da abokansa a Southampton ta Ingila suka ga wani molekul da ke zaune a kan azurfa mai kaushi yana ba da alamar Raman mai ƙarfin da ba a saba gani ba. Alamar Raman, wadda C. V. Raman na Indiya ya gano a 1928, ɗan sauyi ne da molekul ke yi wa ƙalilan daga hasken da ya buge shi, kuma kowane molekul yana da tasa. A 1977 bayanai biyu suka fito. David Jeanmaire da Richard Van Duyne suka jingina abin ga ƙarfin lantarki da ke taruwa a fuskar ƙarfen, yayin da Grant Albrecht da Alan Creighton suka fi karkata ga hulɗar molekul ɗin da ƙarfen kanta. Matsayin da akasari aka tsaya a kai yanzu shi ne, ƙarfin lantarki ne ke kawo mafi yawan ƙarin, wanda ke iya kai ninki miliyan ko fiye a cikin matsattsun ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, haɗin sinadari kuma yana ƙara ninki 10 zuwa 100. Sai dai raba su a gwaji yana da wuya, domin ligan ɗin da ya ƙulla haɗi shi ne kuma ke yanke tazarar da molekul yake zaune daga ƙarfen.

Game da dushewar rawar ilektron ma ba a gama daidaitawa ba. Bo Persson ya bayyana a 1993 cewa ilektron yakan tsallaka na ɗan lokaci zuwa cikin molekul ɗin da ke manne, ya zubar da ƙarfi a can. Wani aiki na 2019 da Stephan Link ya jagoranta a Jami'ar Rice ya gwada tiyol biyu masu atam iri ɗaya amma jeri daban, aka samu dushewa daban, marubutan kuma suka danganta hakan da yadda caji ya rabu a jikin molekul ɗin, wanda ke zama abin tuntuɓe ga ilektron. Bayanan biyu ba lallai su kore juna ba. Akwai kuma bambancin buƙata: mai ƙera na'urar gano cuta yana kallon dushewar a matsayin asara, tunda siririyar kololuwa yake so, mai neman amfani da hasken rana wajen tafiyar da haɗin sinadarai kuwa ita yake nema, domin ta wannan kafa ƙarfin haske ke shiga cikin molekul.

## Haɗawa da ganye

A Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ga kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa a Basawa, wannan batu ya fi shafar ɗalibai ta fuskar haɗa ƙwayoyin azurfa da ruwan ganye, irin su dogon yaro da zogale. Hanyar ta samu karɓuwa tun bayan ayyukan da aka yi a Pune ta Indiya, ciki har da na 2004 a kan ganyen dogon yaro. Masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi: ganye yana da arha, yana ko'ina, kuma yana maye gurbin sinadarai masu tsada da haɗari da ake shigowa da su daga waje.

Masu suka kuma ba su musanta cewa ƙwayoyi suna samuwa ba. Abin da suke tambaya shi ne me ke jikinsu. Ruwan ganye cakuda ne na ɗaruruwan sinadarai, kuma na ganyen da aka tsinka da damina ba daidai yake da na bazara ba, don haka lulluɓin yana sauyawa daga haɗi zuwa haɗi. Wasu sinadaran ganyen da kansu suna haɗiye haske kusa da nanomita 350 zuwa 400, suna kuma yin ruwan ƙasa idan sun sha iska, ga shi kuma kulorin da ke cikin ganye yana iya kama azurfa ya samar da wani gishiri daban. Saboda haka sauyin launi da kololuwa mai faɗi a wajen 420 ko 450 alama ce mai kyau, amma ba hujja ba ce cikakkiya, kuma ba za a iya karanta girman ƙwaya daga gare ta kai tsaye ba, tunda girma da siffa da lulluɓi da dunƙulewa duk suna tura ta wuri guda. Raba su yana buƙatar hoton madubin ilektron, wato na'urar da ke nuna ƙwayoyin kansu, da auna cajin fuskar ƙwayar, da kuma abu mafi arha da ake yawan tsallakewa, wato a auna ruwan ganyen shi kaɗai a kwatanta. Haka nan idan ƙwayoyin suka kashe bakteriya a faranti, sai an tantance ko ƙarfen ne, ko azurfar da ta narke, ko sinadarin ganyen.

## Abin da ya shafi jama'a

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da zazzaɓin cizon sauro ta gwaji kafin a ba da magani, abin da ya sa kayan gwajin gaggawa suka isa ƙananan asibitoci da kemis. Zinariyar da ke ciki ba ta jin zafi, amma furotin da ke jikinta yana ji, shi ya sa kwalaye da yawa ke ɗauke da iyakar digiri 30, wasu 40, alhali zafin Maris da Afrilu a Zariya yana kusantar 40 a inuwa, balle a cikin shago mai rufin kwano. Danshi ma yana narkar da sukarin da aka busar da ƙwayoyin a cikinsa, don haka ba a buɗe ledar sai lokacin aiki. Ruwan da ke zuwa da kwalin an daidaita gishirinsa da tsaminsa ne domin lulluɓin wannan kamfani, maye shi da ruwan famfo ko na wani kwali yana iya sa ƙwayoyin su maƙale inda bai kamata ba, su ba da layin ƙarya. Idan layin tabbatarwa, wanda ke nuna cewa gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya ɓaci ko da ɗaya layin ya fito.

A cikin jiki lamarin ya ƙara rikitarwa. Da ƙwaya ta shiga jini, furotin na jinin yakan rufe ta nan take, kuma wannan sabon lulluɓi, wanda ƙungiyar Kenneth Dawson ta Dublin ta bayyana a 2007, shi ƙwayoyin halittar jiki ke gani, ba wanda aka saka a ɗakin gwaji ba. Ligan ɗin da ake amfani da shi wajen haɗa ƙwayoyin zinariya masu siffar sanda yana da guba ga ƙwayoyin halitta, dole a musanya shi kafin a yi maganar magani. Wannan ya sa rubuta nano a jikin kwalba ba ya faɗin komai game da aminci ko amfani. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, an yi ta maganar wani abu mai suna Nano Silver a Nijeriya, kafin ma'aikatar lafiya ta ce bai cika sharuɗɗan gwaji a kan marasa lafiya ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke tun 1999 cewa ba a amince da ruwan azurfa da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba a matsayin magani mai aminci da aiki, kuma yawan shansa yana mayar da fata toka-toka har abada. Tarayyar Turai kuma tun 2013 ta wajabta a nuna sinadaran nano a jerin kayan haɗin man shafawa.

Fannin da ake sa wa rai shi ne gwajin ruwan sha. A 2003 Juewen Liu da Yi Lu na Jami'ar Illinois sun nuna ƙwayoyin zinariya masu lulluɓin DNA da ke sauya launi idan akwai dalma. Bayan gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, wadda ta kashe yara aƙalla 400, amfanin gwaji mai arha da za a karanta da ido a bakin rijiya a bayyane yake. Cikas ɗin shi ne, ruwan rijiya ba ruwan ɗakin gwaji ba ne. Yana ɗauke da gishiri da kalsiyam da ruɓaɓɓen ganye, waɗanda ke iya dunƙule ƙwayoyin ba tare da dalma ba, ko su rufe ligan ɗin su hana shi ganinta. Don haka a halin yanzu irin wannan gwaji na tantancewar farko ne, kuma duk samfurin da ya nuna alama sai an kai shi ɗakin gwaji mai na'urar auna ƙarafa kafin a rufe rijiya ko a bar mutane su ci gaba da sha.